Tarin Tifa

Shekara talatin da ɗaya ina Ƙofar Ruwa,
baƙin mai ya zama lallen hannuna,
ban taɓa zaton wata rana
za a zo neman tarin tsohuwar tifa ba.

Barira ce ta zo, 'yar ƙanwata,
da wani siririn yaro, Tasi'u,
riƙe da makirfo an sa masa safa.
Ta ce, Kawu, tayar mana da ita.
Na ce ba ta da lafiya, ringi ya cinye.
Ta ce ai ciwon muke so.

Na murza makulli.
Tifa ta yi tari uku, ta yi kaki, ta kama.
Yaron ya lumshe ido kamar mai sauraron karatu.

Su huɗu ne, ɗaki ɗaya a saman shago
kan titin Gidan Zu.
Fanka mai fiffike biyu,
kwamfuta uku, ɗaya ta aro,
janareta a ƙasa yana cin kuɗin abincin rana.
Ba kamfani a bayansu, ba ubangida.
Wata goma sha tara suna ƙera yaƙi.

Suka ba ni kujera. A gilashi ga gari
mai kama da namu, amma ba namu ba:
gada ta karye, shataletale ya zama sansani.
Ga adaidaita da sulken murfin tukunya,
ga a-kori-kura da bindiga a goshi,
ga tifata,
har lotsawar ƙofar hagu
da nake cewa zan buge tun bara waccan.

Ba tsere ba ne, in ji Nafi'u mai lissafi.
Ka matsa, in matsa.
Kowace mota da gidajen da za ta iya takawa.
Ka ɓoye ƙarama bayan babba,
ka jira ya shigo lungu.
Na ce, to ai dara ce,
taya kawai kuka sa mata.

Na ci shi sau biyu kafin la'asar.
Na ce, yaro, motocinku ba sa ƙishirwa?
Ba layin mai? Lagireto ba ya tafasa?
Ya ɗauki biro.

A na uku na tare shi a ƙarƙashin gada.
Bas ɗinsa ta tashi da wuta,
lamba ta yi tsalle sama, ɗari biyar,
ɗaki ya ɗauki shewa.
Ni hannuna ya yi sanyi.
Na ce, ran Talata an jawo min irinta daga hanyar Zariya.
Da na ɗaga kujerar baya
takalmin yaro na gani, ƙafa ɗaya,
maɗaurinsa a ɗaure.

Fanka ta ci gaba da juyawa.
Barira ta ce, Kawu, wasa ne.
Na ce na sani.
Na sauko, ban sha lemon ba.

Sati shida ba mu gaisa ba sai a waya.
Jiya ta turo min hoto:
wata 'yar janwe ruwan toka, ba bindiga, ba sulke,
tana shiga tsakiyar wuta a hankali
ta fito da wanda ya faɗi.
Wanda ya bar nasa a fili, in ji ta,
ko ya ci gari bai ci wasa ba.
A ƙofar janwen sun rubuta Kawu,
harafin ƙarshe ya ɗan karkace.

Yaushe zai fito?
Bayan damina, in kuɗin data sun kai,
in mai kwamfutar aro bai zo karɓa ba.

Tifa kuwa na sauke injinta, na sa sabon ringi.
Yanzu bugu ɗaya take tashi, lafiya lau.
Tarin nan babu shi a duk Ƙofar Ruwa.
Yana can saman shago,
yana jiran yaran da ban sani ba
su murza makulli.